Shirin ya ƙare tun 2022, ni kam har yau ina kewarsa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na leƙa shagon yaron da ke tura mana finafinai, nan bakin titinmu, irin shagon nan da ake cajin waya a gefe ɗaya ana tura fim a ɗaya gefen. Na miƙa masa memori na ce ya duba min ko akwai wani abu mai kama da The Expanse. Ya ɗan latsa kwamfutarsa ya ce, "Yallaɓai wannan ai ya ƙare tuntuni, amma akwai wasu na 'yan sama jannati, har da mai dodanni, in zuba maka?" Na ce ya bari kawai, na gwada da yawansu ba su kama ƙafarsa ba.

Ashe wani yayanmu na unguwa da ke zaune a benci yana jiran cajinsa yana jinmu. Sai ya ce, "Haba ƙanena, kai da iyalinka ka tsaya kana jimamin fim ɗin ƙarya kamar an yi maka rasuwa? Mutane na fama da tsadar masara kai kana kewar jirgin da babu shi."

Ban mayar masa da magana ba don yayana ne, na karɓi memorina na wuce, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai har dare. Ba don ya faɗa a gaban mutane ba, sai don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ni dai matsayata ita ce, kewar shiri mai kyau bayan ya ƙare ba yarinta ba ce kuma ba rashin aikin yi ba ne. Mutum yana kewar wurin da aka girmama hankalinsa ne. Shekara da shekaru wasu mutane sun zauna sun gina maka duniya guda, suka kafa mata doka kuma ba su karya dokar don su burge ka ba, suka ɗauka cewa kai mai kallo kana da kai kuma za ka iya bin zare. Irin wannan ba kullum ake samunsa ba, shi ya sa in ya ƙare sai ka ji giɓi.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan taɓa wasu abubuwan da suka faru a ciki.

Duniyar da ba a yi mata ha'inci ba

A taƙaice, an fara nuna shirin a Disambar 2015 aka rufe shi a Janairun 2022, zango shida, kashi 62. An ɗauko shi ne daga littattafan wasu marubuta biyu 'yan Amurka, Daniel Abraham da Ty Franck, waɗanda ke rubutu da suna ɗaya, James S. A. Corey. Labarin yana faruwa ne 'yan ɗaruruwan shekaru nan gaba, lokacin da ɗan Adam ya bazu. Akwai wannan duniyar tamu a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai mutanen duniyar Mars da suka ɓalle suka zama ƙasa mai ƙarfin soja, sai kuma 'yan Belt, wato talakawan da ke zaune cikin duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter suna haƙo ma'adinai da ƙanƙara don amfanin waɗancan biyun.

Abin da ya fara kama ni ba faɗa ba ne, jirgin ne kansa. A yawancin irin waɗannan finafinan za ka ga mutane na tafiya cikin jirgi a sararin samaniya kamar suna tsakar gidansu, ba wanda zai ce maka me ke riƙe ƙafarsu a ƙasa. A nan kuwa an gina jirgin ne kamar bene a tsaye, injin yana ƙasa, muddin injin na turawa to ƙafarka na taka daɓe, kamar dai yadda bayanka ke mannewa da kujera in direba ya taka mota da ƙarfi. Da an kashe injin sai kowa ya fara shawagi, sai an kunna takalmin maganaɗisu. Kuma tunda babu birki a can, in an kai rabin hanya dole a juya jirgin gaba ya koma baya a kunna injin don a rage gudu. In turawar injin ta yi ƙarfi da yawa jijiyar jini na iya fashewa a kan mutum ya mutu a kujerarsa, kuma hakan ta faru da ɗaya daga cikin waɗanda muke so.

Saƙo ma ba ya isa nan take. Tsakanin nan da Mars kaɗai, a zahiri ba a fim ba, saƙo kan ɗauki daga kusan minti 3 zuwa 22, ya danganta da inda kowacce take. Sai shirin ya riƙe wannan, shugaba zai aika umarni kafin ya isa an riga an yi ɓarnar.

Akwai wani wuri a zango na uku da ba na mantawa. Jirage sun tsaya cak bagatatan, mutane sun jikkata da yawa, sai likitoci suka ce rauni na ciki ba zai warke ba a inda babu nauyi saboda jinin ba ya gangarawa, taruwa yake yi a wuri ɗaya. Dole aka nemi wani ƙaton jirgi mai ganga a tsakiyarsa aka juya gangar don a samu nauyi, aka kwaso majinyata har da na abokan gaba aka kai can. Ka ga doka ɗaya ta kimiyya ta tilasta wa maƙiya zama a ɗaki ɗaya. Wannan shi nake kira rubutu.

Har ƙananan abubuwa ba su bari ba. A tashar Ceres, wadda ake juya ta kamar kaɗi don mazauna su samu ɗan nauyi, in an zuba abin sha a kofi sai ka ga ya ɗan lanƙwasa kafin ya faɗa. Ɗan wana yana gefena ranar, ya ce "Baffa me ya sa ruwan ya karkace?" Na fito da shi tsakar gida na zuba ruwa a ƙaramin bokiti na riƙa wulwula shi sama da kaina ruwan bai zube ba, na ce to ka ɗauka mutanen nan a cikin bokitin suke zaune. Ya karɓa ya gwada, ya jiƙa rigarsa sau biyu kafin ya iya. Ceres ɗin nan kuma akwai ta da gaske, an gano ta tun 1801, faɗinta wajen kilomita 940, kuma a 2015 ɗin da aka fara shirin ne wani kumbon Amurka mai suna Dawn ya isa gare ta.

"Ai ƙarya ce"

To ƙarya ce mana, wa ya ce gaskiya ce? Mu da muka tashi da "ga ta nan ga ta nanku", wa ya taɓa ganin Gizo da idonsa yana magana da Ƙoƙi? Amma duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniya ya san abin da ake nufi da kwaɗayi da wayon banza tun kafin ya san sunansu, kuma ya san yadda rai ke yi in aka ce ƙurunƙus alhali shi bai gaji ba. Ba wanda ya ce wa wannan yaron wawa.

Wasu kuma na cewa irin waɗannan finafinan shiga ilimin gaibu ne. Ni ban ga inda marubutan suka ce ga abin da zai faru ba. Cewa suka yi a ɗauka ɗan Adam ya je can, da halinsa zai tafi ko zai bar shi a nan? Amsarsu kuma ita ce da kayansa zai tafi, da son kansa da ƙabilancinsa da tausayinsa duka.

Nan ne ma nake ganin yayana bai yi wa shirin adalci ba da ya haɗa shi da tsadar masara kamar abubuwa biyu ne da ba su san juna ba. Tun a farkon shirin za ka ga ɗan sanda Miller yana wanka ruwa ya ɗauke masa da sabulu a ka saboda kasonsa ya ƙare. Za ka ga yara na satar ruwa daga bututu. Za ka ga mai gidan haya ya ƙi canza matatar iska don ya rage kashe kuɗi, yaran masu haya na shaƙar gurɓatacciyar iska suna ciwo. Mutanen da ke jigilar ƙanƙarar da ake narkarwa a sha su ne ke ƙirga ɗigon ruwa.

Wanda ya taɓa tsayawa da sassafe yana leƙen titi ko mai kurar ruwa zai ɓullo, ko ya taɓa yin ciniki a kan jarka ɗaya a watan Afrilu, ba sai an yi masa fassarar wannan ba. Wanda ya san cewa sama da shekara 50 ana haƙo yuraniyom a Arlit ana haska biranen wasu da shi alhali ƙauyukan Nijar da yawa na kwana cikin duhu, shi ma ba sai an yi masa fassara ba. Ban ce marubutan da mu suke ba, ƙila ba su ma san da mu ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da na ga 'yan Belt na gane yoyon.

Jikinsu ma ya zama shaida a kansu. Tunda a inda babu nauyi sosai aka haife su, sun yi tsawo ƙashinsu ba ƙwari, ba za su iya zama a wannan duniyar da kakanninsu suka fito ba. A farkon shirin an kama ɗayansu aka kawo shi nan aka rataye shi a tsaye jikin bango, ba duka ba zagi, nauyin jikinsa kawai aka bari ya azabtar da shi. Kuma wadda ta ba da umarnin nan ba muguwar fim ba ce, tana cikin waɗanda daga baya za ka fi so. Wannan ya dame ni kwana da kwanaki.

Har yare aka yi musu, wani masanin harshe Nick Farmer ya haɗa shi daga harsuna daban-daban, kamar dai yadda barikanci ya samu a inda ma'aikata daga ko'ina suka haɗu dole su fahimci juna. In suna gaban manya sai su gyara harshe, in sun koma cikin 'yan uwansu sai su saki. Wa bai san wannan ba a cikinmu?

Mutanen ne ake kewa

In na faɗi gaskiya, duk wannan kimiyyar da ba ta riƙe ni shekara da shekaru ba in da mutanen ciki na kwali ne.

Chrisjen Avasarala, wadda Shohreh Aghdashloo 'yar asalin Iran ta fito a matsayinta, tsohuwa ce mai shigar sari da murya mai kaushi, ta fara a matsayin babbar jami'a ta ƙare tana shugabantar duniya. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san irin wannan Hajiyar, wadda ba ta ɗaga hannu amma in ta yi gyaran murya kowa ya shiga taitayinsa, tana iya share maka hawaye da safe da yamma ta sa a kore ka in ta ga maslahar gidan ke nan. Bakinta ba shi da linzami, wannan kam gaskiya ne, ba shirin da za ka kunna a falo gaban surukai ba ne, akwai wuraren da ni kaina nake turawa gaba.

Ga Amos, makanikin jirgi, wanda ya tashi cikin wahalar da ta kashe masa wani abu a zuciya, ya san ba ya iya bambance daidai da kuskure da kansa, sai ya nemi mutumin kirki ya manne masa yana kallon abin da zai yi. Ban taɓa ganin an rubuta mutum haka ba. Ga Naomi, injiniya, baƙar mace 'yar Belt da ta gudu ta bar ɗanta a hannun uban da ya mayar da ita makami, kuma shekaru ba su rage mata zafin abin ba. Ranar da ta yi tsalle daga jirgi zuwa jirgi ba rigar kariya, ni da nake kallo a waya sai da na riƙe numfashina tare da ita.

Sai uban yaron, Marco Inaros, wanda ya jefo duwatsu kan duniya ya kashe bayin Allah ba adadi. Abin da ya sa wannan ɓangaren ya yi nauyi shi ne duk koken da yake yi gaskiya ne, an zalunci mutanensa, tura ta kai bango. Amma shirin bai bar shi ya fake da wannan ba, ya nuna mutum ne mai son a yi masa tafi wanda zai sayar da mabiyansa gobe in ta ɓaci. Sannan ya ajiye Camina Drummer a gefensa, ita ma 'yar Belt, ita ma ranta a ɓace, amma ta ƙi bin sa kuma ta biya farashin ƙin da iyalinta. Mu da muka ga yadda masu ɗaukar makami da sunan an zalunce su ke ƙarewa a kan talakan da suka ce suna karewa, mun san wannan labarin ba daga sararin samaniya ya zo ba.

Shekara shida kana tare da mutane irin waɗannan, ka san yadda kowa ke fushi, ka san wa zai yi shiru wa zai fasa kofi, rana ɗaya a ce shi ke nan. Ko maƙwabcin da kuke gaisawa kawai ne ya tashi daga layinku ai sai ka riƙa kallon ƙofarsa.

"To ka kalli wani mana"

Wannan ita ce maganar yaron shago, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Kwamfutarsa cike take, in na ba shi memori zai cika min shi da kuɗi kaɗan. Sai dai yawa daban, ƙoshi daban. Na fara wasu, kashi biyu uku sai in ga an kafa doka an karya, wanda ya mutu jiya ya dawo yau ba dalili, jarumi ya yi wauta don kawai labari ya samu hanyar tafiya. Da zarar na gane marubucin ba ya tsoron in kama shi, sai in ji na fita.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A watan Mayun 2018 tashar Syfy ta ce ta daina bayan zango na uku. Ba don shirin ya lalace ba, yarjejeniyarsu ce ta sa ribarsu ta rataya a kan masu kallo kai tsaye a talabijin a Amurka, alhali mutane da yawa ta intanet suke kallo daga baya. Masoya shirin suka tashi, suka tara sa hannu, suka haɗa kuɗi aka ɗauki hayar ƙaramin jirgi ya riƙa shawagi da kyalle a saman ofishin kamfanin Amazon a garin Santa Monica na Amurka, suna roƙon kamfanin ya karɓi shirin. Kafin watan ya ƙare Jeff Bezos, shugaban Amazon a lokacin, da bakinsa ya sanar a wani taron masana sararin samaniya cewa sun karɓi shirin, aka ƙara zango uku. Mutanen nan suna da dubban abubuwan kallo fiye da mu, da wani zai maye gurbinsa da ba su wahalar da kansu ba.

Ba cewa na yi ba shi da aibi

Kashi uku na farko suna da nauyin tashi, sunaye da yawa, wurare da yawa, ga duhu, mutane da dama a nan suke ajiye shi. Sai ka kai na huɗu abin ke kama wuta. Zango na huɗu ya ja ƙafa a wasu wurare. Na shida kuwa kashi shida kacal aka ba shi, ana gani an san an matse shi.

Duk da haka in aka ce in zaɓa tsakanin ya ƙare ina kewarsa da a yi ta jan sa har in gaji, na zaɓi kewar. Mun sani a shirye-shiryenmu masu dogon zango na nan gida, labari zai fara da ƙarfinsa kowa na jiran ranar da za a saka, da ya karɓu talla ta fara shigowa sai a fara jan sa kamar ƙosai ya ƙare ana soya mai, a kwantar da mutum asibiti kashi biyar, a kawo wata sabuwar kishiya da ba ta da aiki a labarin, har waɗanda suka fi kowa so su daina tambaya. Na san wahalar kuɗi da masu yi ke sha kuma ina jinjina musu, ba kuma jiragen sama nake nema a wurinsu ba. Riƙe dokar labari da sanin inda za a tsaya ba sa cin ko sisi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne littattafan tara ne, shirin ya tsaya a na shida. A zangon ƙarshe, farkon kowane kashi sai a nuna wata yarinya a wata sabuwar duniya mai suna Laconia, ƙaninta ya mutu, ta ɗauki gawarsa ta kai wa wasu halittu a daji, suka dawo mata da shi yana tafiya yana magana amma idonsa ya canza. Iyayen suka firgita, yaran biyu suka shige daji. Daga nan ba a sake cewa komai ba, an buɗe ƙofa an tafi an bar ta a buɗe.

Littafi na bakwai ya tsallaka kusan shekara 30 gaba, kowa ya tsufa. Na samo shi a waya na fara karantawa da daddare in yara sun kwanta, Turancin yana da ɗan nauyi, wani shafin sai na duba ƙamus sau uku. A hankali nake tafiya, ban ma kai rabi ba. Amma duk inda Amos ya buɗe baki a takardar, muryar nan tasa ta cikin shirin nake ji a kunnena, a sanyaye, kamar yana tsaye bakin ƙofar ɗakin injin da spana a hannu.